Gora da Allura

Shekara talatin da ɗaya ina hawan Chongqing da ƙafa,
garin da aka kafa a kan matakala,
gora a kafaɗa, igiya biyu, kaya gaba, kaya baya.
Na kai firji daga bakin kogi zuwa hawa na tara,
na kai ƙwai ɗari huɗu, ko ɗaya bai fashe ba.
In kaya na tsoron faɗuwa, sai a ce, kira Zaiming.

Ran da abin ya fara, buhunan barkono ne a gorata.
Kunnen hagu ya toshe kamar na nutse,
wani gyare ya shige ciki ya hau kuka.
Matakala ta miƙe tsaye.
Kogi ya koma sama, gada ta kife,
na rungume ƙasa ina roƙonta ta tsaya,
jan barkono na gangarawa tsakanin ƙafafun mutane.
Wani ya ce, giya ce, da sassafe!
Na yi amai a kan takalmina, ban iya musa masa ba.

A babban asibiti suka ce, can bayan dodon kunne
akwai ɗan tulun da bai kai ƙwayar wake ba,
ruwansa ya yi yawa, shi ke karkatar da duniya.
Ga ƙwayoyi. Rage gishiri. Bar taba.
Yuzhen ta kwashe tulunan kabejinta mai tsami ta rabar wa maƙwabta,
ta dawo ta dafa lami,
muka ci ba mu kalli juna ba.

Hajijiya ba ta sallama.
Ta same ni a wanka, ta same ni a layin mota,
sau uku a mako, har na fara bin bango a ɗakina.

Shagon tsohuwa Ran na bayan mai sayar da taliya.
Ta ɗora yatsu uku a tsintsiyar hannuna, ta rufe ido,
ta ce in fiddo harshe, ta dube shi kamar mai tayin kifi.
Ban yi maka alkawari ba, in ji ta.
Kar ka bar maganin asibiti. Ka zo Talata da Asabar.

Allurai sirara kamar gashin gira.
Ɗaya a tsakar ka, biyu a ƙeya,
ɗaya a gaban kunne, inda muƙamuƙi ke buɗewa,
sai hannu, sai ƙasan gwiwa,
sai ta gangara har tsakanin yatsun ƙafa.
Na ce, ciwon fa a kunne yake.
Ta ce, kai ɗan dako, in kayan gaba ya rinjaya,
ina kake gyarawa?
Na ce, igiyar baya.
Ta ce, to yi shiru.

Na kwanta kamar bushiya,
hayaƙin tazargade na lasar rufi,
wani nauyi mai ɗumi na tafiya a ƙwaurina.
Rabona da kwanciya da rana tun ina yaro.
Na ji ƙarar tukunyar mai taliya da kunne ɗaya,
na yi barci, har da minshari, in ji ta.

Wata bakwai ke nan.
Yanzu takan zo sau ɗaya a wata, wani lokaci biyu,
ta girgiza ni ta wuce kafin shayi ya huce.
Allura ce? Ƙwaya ce? Lamin Yuzhen ne?
Ɗana ya ce lokaci ne kawai. Ban san wa zan gode wa ba,
ina dai biyan kowa.

Kunnen hagu bai dawo ba.
Gyaren na nan, na ba shi masauki.
Firji kuma na bar wa yara.
Jiya na ɗauko wa wata mata matasai da fitilun takarda,
kayan da iska ma za ta iya.
A saman matakala na tsaya,
na sa ƙafa ɗaya, na saurari ƙasa,
na matsa igiyar baya kaɗan,
na sauka ina ƙirgawa.